Kyanwar da Mahaifiyarki ta Bari

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin isa gida lafiya, kin kuma samu maigidanki da yara cikin ƙoshin lafiya. Ya gajiyar hanya, ya ƙarin haƙuri? Ni ma ina nan ƙalau, sai gwiwar nan da ta saba yi mini tsiya, sai kuma shirun da gidan ya yi tun da kuka watse. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta.

Kin ce in riƙa rubuto miki, wai a waya ba na cewa komai sai lafiya lau. To ga shi na zauna. Labarin da nake da shi duk na Kwastam ne, kyanwar mahaifiyarki, wadda har yau ba ta ajiye aikin da ya jawo mata sunan ba. Ko ledar sabulu na shigo da ita sai ta cusa kai ta bincika. Sai dai yanzu in ta gama binciken takan ɗago ta harare ni, don abin da take nema ba ya ciki.

Kin san ni da nama. Shekarun da na yi ina tuƙa babbar mota ina kai shanu da tumaki mayanka sun ishe ni har abada. Kina ƙarama a lokacin, ba ki san yadda suke leƙo ido ta tsakanin katako ba in na tsaya shan mai, ko yadda suke yin tsit in mun doshi ƙofar mayankar. Ranar da na ajiye makullin motar na ajiye nama da kifi. Ban taɓa cewa haramun ne ba, raina ne kawai ya ƙi. Mahaifiyarki ta sha dariya, ta ce direba ta aura ya rikiɗe mata ya koma zomo, amma ta ware mini tukunyata, ita da Kwastam suka ci gaba da shagalinsu. Ita ke zuwa layin mahauta, ita ke dafawa, ni kuwa in koma baranda har ƙamshin ya wuce.

A asibiti, ana gobe za ta rasu, ba ta yi mini maganar gida ko kaya ba. Cewa ta yi kada in ba da kyanwar, in riƙe mata ita da kyau, na ce to. Yanzu ga ni ga Kwastam, ni ba na sayen nama, ita ba ta san wani abinci ba. Na yanke shawara abu ɗaya za mu ci. Ina dafa mata wake da shinkafa da kabewa, in murje su, in zuba madara a kai. Da fari ta shinshina ta juya mini baya, amma da yunwa ta kama ta sai ta sauko. Yanzu tana cin rabin kwano.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba

Auta 'yar albarka,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida surukina da jikokina. Ya jikin ƙaramin da kika ce yana tari? Allah ya ba shi lafiya. Saƙonki ya iso, har da faɗan da kika ɗora a kai.

Kin ce in sayi abincin kyanwa na gwangwani in huta, tunda ba zan ga jini ba. Auta, ni fa na yi dakon abin da ake zubawa a gwangwanin nan. Don an niƙa shi an manna masa hoton kyanwa tana murmushi, hakan bai sa ya zama amfanin gona ba. In na saya, wani direban zai tayar da mota, ni na aike shi ke nan. Ta yaya zan ce ina tausayin dabba, sannan in sa a yi ta yanka wasu don ɗaya ta rayu, kawai saboda ita ce mai kwana a kujerarmu? Na juya maganar nan a raina har kaina ya ɗau zafi. Ban samu amsa ba, kuma kada ki ce mini ke kina da ita.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Kin san kurciyoyin da nake watsa wa tsaba a bakin tagar kicin. Kwanakin baya ina ta ganin gashin tsuntsu a bayan firji, ina cewa iska ce ta kawo. Shekaranjiya da hantsi ina wanke kofi sai ga Kwastam ta diro ta taga da kurciya a baki, fiffike ɗaya yana ta bugawa. Na daka mata tsawa ta sake ta, amma ta riga ta karya mata wuya. A tafin hannuna ta ƙarasa, da ɗuminta. Ashe duk tsabar nan tarko nake ɗana wa bayin Allah, ni ina kira, ita tana kamawa. Shi ya sa rabin kwano yake isar ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, yini guda ban kula ta ba. Daga baya na kira kafinta ya buga raga a duk tagogin, ƙofar baranda ma na daina barin ta a buɗe. Yanzu tsuntsaye suna ci hankali kwance, ita kuma tana zaune daga ciki tana kallon su, haɓarta tana rawa. Kwanonta kuwa tas take cinye shi, har ta nemi ƙari. Kin ga dai ana iya zama gida ɗaya ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba

'Yata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mutanen gidan, da fatan kowa yana lafiya. Ki yi haƙuri da shirun watannin nan. Kullum kika kira ina ce miki lafiya lau, to ba lafiya ba. Kwastam ta makance.

Abin a hankali ya zo. Gashinta ya daina sheƙi, barcinta ya yi yawa, na ce tsufa ne. Sai wata rana ta yi tsalle za ta hau teburi ta faɗo. Da na matsar da kujera don in yi shara, ta taho ta gwara kai da ita. A nan gabana ya faɗi, na naɗe ta a tawul muka tafi asibitin dabbobi.

Likitar yarinya ce, ba za ta girme ki ba. Ta haska idon da tocila, idon bai ko motsa ba. Ta tambaye ni abin da take ci, ni kuwa na shiga lissafo wake da kabewa da alfahari, ina jiran a yaba mini. Sai ta ajiye tocilar. Ta ce akwai wani sinadari da jikin kyanwa ba ya iya haɗawa da kansa, a nama kaɗai take samun sa, in ya yanke mata ido ne yake mutuwa, zuciya kuma ta kumbura ta yi rauni. Idon ba zai dawo ba, zuciyar ce za a gwada cetowa. Da na ba ta labarin kurciyoyin da ragar, sai ta ce farautar nan ce take riƙe da ita a da. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

Daga asibitin na ajiye Kwastam a gida na nufi layin mahauta. Auta, tun daga bakin layin warin ya tare ni. Kawunan awaki a jere a kan teburi, idanunsu a buɗe. Akwai wani tsohon mahauci da muke kira Dogo, wanda nake sauke wa shanu a da. Ya gane ni, ya fara tsokana wai zomo ya tuba, amma da ya ga fuskata ya bari. Na ce zuciya da hanta nake so. Ya yanka, ya ƙulle a leda, ya miƙo, da sauran ɗumi a jikinsu.

Na sauko da ƙaramar tukunyar mahaifiyarki na dafa, ba gishiri, yadda likita ta ce. Tun kafin ya tafasa Kwastam ta taho tana laluben bango, tana wani kuka da ban taɓa ji ba. Ta ci tana gurnani, jikinta yana ɓari, ni kuma na zauna a ƙasan kicin ina kallon ta. Duk watannin nan yunwa take ji da cikinta a cike, ni kuwa ina murna hannuna ya tsarkaka. Ni na zaɓi barin nama, ita ba wanda ya tambaye ta. Ina jin kunyar mahaifiyarki, ina jin kunyar akuyar da na ɗauko hantarta a leda, ban san wadda zan fara bai wa haƙuri ba.

Kin taɓa cewa in ta dame ni za ki ɗauke ta. Kada ki sake tayar da maganar. Gidan nan kaɗai ta sani da ƙafa, kuma alkawari na yi.

Mahaifinki,
Baba

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara, da fatan kuna lafiya. Na gode da bargon da kika aiko wa Kwastam. Ta kwanta a kansa, ta ji daɗinsa.

Jiya da safe ta mutu. Kafin nan ta ɗan murmure har na sa rai, gashinta ya fara kyau, tana biyo muryata daga ɗaki zuwa ɗaki. Na saba da layin mahauta, har Dogo yana ware mata nata tun kafin in iso. Amma zuciyar ta riga ta gaji. Numfashinta ya yi ta sama-sama, likita ta ce babu sauran abin yi sai a bar ta ta huta. A cinyata ta cika, rana tana dukan bayanta ta taga. Na haƙa rami a bayan gida na binne ta da bargon.

Da na dawo na wanke hannu, na buɗe firji in sha ruwa, sai ga ledar naman da na sayo mata shekaranjiya, ko kwance ta ban yi ba. Na daɗe a tsaye. Dabbar nan da ranta take ranar da Dogo ya ware mini, saboda ni aka ajiye, saboda Kwastam na karɓa, ga Kwastam a ƙasa. In zubar a bola, ta mutu a banza ke nan. Na san zan iya miƙa wa maƙwabta, za su yi godiya, shi ke nan in koma mutumin kirki mai tsabtar hannu. Tsabtar hannun nan ce ta makantar da kyanwar mahaifiyarki, ba na son irin tsabtar nan kuma.

Na dafa naman yadda na saba dafa mata, ba gishiri, na zuba a faranti na zauna. Hawaye yana zuba, na yi bisimilla na ci. Ban ji daɗinsa ba, ban kuma yi amai ba. Na cinye tas, ko tsoka ɗaya ban rage ba.

Ba na jin zan ƙara cin nama, kuma ba zan ƙara ajiye kyanwa ba, don haka kada tausayi ya sa ki aiko mini da wata. Abin da yake cin raina shi ne, abu ɗaya tak mahaifiyarki ta roƙe ni a duk zamanmu. Ban ba da ita ba, Auta, amma ban riƙe ta da kyau ba.

Ki sa ni a addu'a. In kin samu hutu ki zo da yaran, gidan ya yi mini girma.

Mahaifinki mai kewarki,
Baba