Tirelar Baba Ta Fi Ƙarfin Get

Baba,

Kada hankalinka ya tashi in ka fito ka ga babu get. Ba ɓarayi ba ne, ni ne.

Jiya ni da mai walda muka gama gyaran tsohuwar tirelar nan da ka ƙera da hannunka. Mun kankare tsatsa, mun sa sabbin tayoyi, mun ƙara mata faɗi don motar da zan shiga tsere da ita ta zauna daram. Da asuba zan fita da ita, sai ta ƙi wucewa. Ashe daidai faɗin get ɗinmu ka auna ta tun farko!

Da azahar ake rufe duba motoci a filin tsere, kuma wallahi bana ba zan zauna cikin 'yan kallo ba. Sai na kwance get ɗin, na jingine shi bayan ɗakin Mama.

Ka yi haƙuri. Don Allah kada ka ɗaga shi, ka san ciwon bayanka. In na dawo zan mayar.

Ka ce tirelar nan ta gama yawo. To, ga ta a bakin titi da mota a kanta, kuma duk waldar da ka yi, ba wadda ta tsage.

Autanka