Takarda Marar Suna

Bolero, 4 ga Maris

'Yata Wezi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Ki yi haƙuri da rubutuna, har yanzu layin yana gangarawa.

Direban motar da ke kai miki saƙona ya ce wata malama daga jami'a tana bin ofisoshin 'yan sanda, tana tambayar ƙananan ma'aikata yadda manyansu ke riƙe su. Wezi, na san bakinki. In ta zo wajenku, ki ce komai lafiya. Shekararki biyu kacal da sa kaki.

Ga busasshen kifi nan, kada ki rabar duka.

Mahaifiyarki,
NyaGondwe

11 ga Maris

Amama,

Na gaishe ki da girmamawa. Kifi ya iso, shawara ce ta makara: na riga na cika takardar. Ki kwantar da hankalinki, ba a rubuta suna. Malamar ta ce bincike ne kawai, don a gyara aikin.

An tambaya ko shugaba ya taɓa ba mu umarnin da ya saɓa wa doka. Na rubuta cewa Bwana, shugaban ofishinmu, yana sa mu kwashi waɗanda ke tsare mu kai su noma gonarsa ta masara. Watan jiya wani dattijo ya faɗi a kan kunya, ni na yayyafa masa ruwa. A littafi aka rubuta zazzaɓi.

Rubutunki ya fi na Sajan Mhango kyau, in gaya miki.

Taki,
Wezi

Bolero, 18 ga Maris

Wezi,

Ina gaisuwa. Sau huɗu na karanta wasiƙarki, da yatsa. Kin ce ba suna. To, duk takardar da na cika a asibiti tana tambaya ko mace ce ko namiji. Taku ba ta tambaya ba? Ke da bakinki kika ce mini ke kaɗai ce mace a ofishin nan.

Ki amsa mini da motar gobe.

Mahaifiyarki

29 ga Afrilu

Amama,

Na gaishe ki. Kunya ce ta hana ni amsawa. Takardar ta tambaya, ni kuma na cika.

Rahoton ya fito. Malamar ta ɓoye sunaye kamar yadda ta yi alkawari, amma ta rubuta: “Wata kurtu mace a wani ofishin ƙauye ta ce…” har da gonar masara. Ranar Litinin Bwana ya karanta mana wurin a fareti. Ya naɗe takardar ya ce, “Mhango, mata nawa gare mu a nan?”

Sajan ya ce, “Sai dai in ƙirga da matarka, Bwana.”

Aka yi dariya. Bwana bai yi ba. Ya ce, “Kurtu Kalua, ashe marubuciya muke ciyarwa.”

Tun ranar ba mai zama kusa da ni wajen shan shayi. Jiya Bwana ya kira ni, ya tura mini wata takarda da ke cewa ƙarya na yi saboda an hana ni hutu, dattijon kuma zazzaɓi ne ya kayar da shi. In na sa hannu kafin Juma'a, magana ta mutu. In na ƙi, zai rubuta ni da rashin ɗa'a, kakin kuma ya tafi. Malamar ta aiko tana ba da haƙuri, ta ce za ta sanar da hedikwata. Ban san yaushe ba.

Ke kika ce in yi shiru, ban ji ba. Wannan karon duk abin da kika ce zan yi.

'Yarki,
Wezi

Bolero, 1 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa. Tsoro bai bar ni ba.

Kina da shekara shida aka tsare babanki kan rigimar iyakar gona. Bayan kwana uku aka ba ni gawarsa, da takarda, aka ce in dangwala. Na dangwala. Ni na wanke shi, na ga shatin duka a bayansa. Kin sha tambayata me ya kai ni ajin manya a coci ina da furfura. Takardar nan ce. Shekara ashirin tana ƙasan akwatina kafin na iya karanta ta. Zazzaɓi aka rubuta, ga yatsana a ƙasa.

Ni ban san abin da na shaida ba. Ke kin sani.

Kada ki sa hannu. In sun karɓi kakin, gonar babanki tana nan. Ina zuwa a motar Alhamis da takardar babanki, ranar Juma'a mu shiga wurin Bwana tare.

Allah ya tsare ki.

Mahaifiyarki,
NyaGondwe