Muzurun Kakata Ya Shiga Azumi, Likita Kuma Ta Ce Sai Nama

Ina sumbatar hannunki, Tanti Aurica.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Ni ba mai rubutu ba ne, daga aji takwas na bar makaranta na kama facin taya. Amma shafinki na ba da shawara a jarida ba ya wuce mu, duk Juma'a ni nake karanta wa kakata. Ranar da za ki buga wannan dai zan ce mata ba a kawo jarida ba.

Mu uku ne a gidan: ni, da kakar tawa da nake kira Mamaie, da muzurunta Primaru. Mahaifiyata tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu. Marigayi kakana ne ya raɗa wa muzurun sunan nan, wato ciyaman da yarenmu, wai tumbinsa da tafiyarsa irin na ciyaman ɗin ƙauyenmu ne, ya zagaye gari bai gai da kowa ba. Shekararsa goma sha ɗaya.

Bayan Kirsimeti na fara ganin abin da bai yi mini ba. Ya shanye ruwan kwanonsa, ya koma bokiti, har a bakin rijiya na same shi yana jiran a ja guga. Cin abinci bai ragu ba, amma in ka shafa bayansa sai ka ƙirga ƙasusuwa. Ya daina hawa saman murhu inda yake shan ɗumi, kuma ƙafafunsa na baya suka kwanta a ƙasa kamar na zomo. Na sa shi a kwandon ƙwai na kai shi gari wurin Likita Otilia. Ta ɗebi jini, ta ce ciwon suga ne. Ni ban ma san kyanwa tana yi ba. Ta ce allurar insulin sau biyu a rana, bakwai na safe da bakwai na yamma, kuma sai ya ci abinci tukuna. Abincin ma na gwangwani, mai nama. Ba burodi, ba dankali, ba mămăligă, alhali da wannan tuwon masarar aka raine shi.

Na ɗauka a kan allura za a yi rigima. Ina! Mamaie shekara talatin ta yi tana kula da maruƙa a gonar gwamnati, ita take yi musu allura. Ta kalli yadda na riƙe allurar, ta ce, "Matsa can, baƙin hannu, ka riƙe allura kamar za ka huda taya." Ta tsunkuli fatar wuyansa, kafin ya gama hamma an gama. Sati biyu muna cikin daɗi. Ya rage shan ruwa, ya soma wanke fuskarsa, har ya kori karen maƙwabta.

Sai babban azuminmu na kafin Ista ya kama, wanda ba a taɓa nama, ko madara, ko ƙwai.

Kin san tsofaffinmu. Ranar Litinin ɗin farko ta wanke tukwane da toka, ta kai tukwanen dafa nama saman silin, ta kwashe cuku da ƙwai ta bayar. Kwalbar insulin ma da ƙyar ta tsira a firij. Ta ɗaga ta wajen taga ta ce wannan ai kamar madara, sai da na rantse mata ba daga saniya aka tatso ba. Gwangwanayen Primaru kuwa a jaka na same su, an rataye a ƙofar gida ta waje. Ta ce shekararta saba'in da takwas, nama bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin da take ba cikin azumi, ba kuma a kan muzuru za a fara ba. Ta ce shekara goma sha ɗaya suna azumi tare, bai mutu ba. Na ce, Mamaie, duk shekarun nan ɓeraye yake kamawa a rumbu. Ta ce, "Wannan tsakaninsa da Allah ne. Ni ban gani ba."

Yanzu ɓera ko ta gaban hancinsa ya wuce sai dai ya bi shi da ido.

Ban yi mata gardama ba, ni ba na iya ɗaga mata murya. Na zuba gwangwanayen a but ɗin motata. Bakwai saura kwata in ɗauke shi kamar za mu duba itace, mu shiga rumfar da muke tara icen, ya cinye, in goge masa gashin baki da hannun riga, in dawo da shi ta yi masa allura. In ta miƙa masa tuwo sai ya kau da kai, tunda cikinsa a cike yake. Tanti, ranar Lahadi sai ga ta a ƙofar coci tana ba mata labari wai muzurunta ya fi mai karatun coci tsare azumi, ko tuwo ba ya taɓawa. Mata biyu har gida suka biyo ta su gani. Ɗaya ta gicciye hannu a ƙirji. Shi kuwa yana kwance yana gyatsar hantar kaza, ni ina tsaye kamar in nutse.

Da abin ya tsaya nan da ban dame ki ba. Amma ni mutum ne mai kallo, aikina ne in gano inda iska take fita. Tun rasuwar kakana, Mamaie ba ta cin abinci ita kaɗai. Tana zama a ɗan teburin kicin, Primaru a kujerar marigayin, ta kai loma ɗaya bakinta, ta gutsura masa ɗaya, tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona. Yanzu da yake kau da kai, sai ta yi loma uku ta rufe kwano. Tukunyar waken da muke cinyewa kwana biyu ta kai kwana huɗu. Zobenta ya fara juyawa a yatsa.

Sannan satin da ya wuce na ga maiƙo a haɓarsa da ɓurɓushin burodi ƙarƙashin kujera. Ashe da rana in ina wurin aiki lallaɓa shi take yi da burodi tsome a mai da romon wake, tana cewa ya sassauta wa kansa, Allah ba ya son a kashe kai. Ya kuwa sassauta. Ya koma bakin bokiti. Likita Otilia ta auna shi ta ce suga ya sake hawa, ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce ba za ta iya daidaita masa allura ba in yau nama gobe burodi, kuma wasa da wannan ciwon yana kashewa.

Ga inda na maƙale. Ƙanƙara ta narke, daga Litinin mai zuwa kowa zai kawo mota a cire tayar hunturu a sa ta bazara. Maigidana ya ce sati uku ba mai tashi kafin tara. Ke nan abincin yamma da allurar yamma duk a hannun Mamaie. In ta yi masa allura cikinsa ba komai, suga zai faɗi ya tafi da shi. In ta cika shi da tuwo, ciwon ya ci gaba da cin sa. Na yi tunanin in riƙa tafiya da shi shago, amma ƙarar injin iska ko ni tana firgita ni. Na yi tunanin in ɓare takardar gwangwanin in manna ta abincin azumi, irin na waken soya. Sai na tuna Mamaie ba ta ba shi komai sai ta ɗanɗana da bakinta. In na karya wa tsohuwa azumi da abincin kyanwa, ina zan sa kaina?

Ba na son in rasa muzurun nan, don ban san me zai rage mata ba in ya tafi. Ba na kuma son in taka mata abin da ta riƙe tun tana yarinya. Yaya zan yi?

Naki,
Baƙin Hannu, daga wani ƙauye kusa da Buzău

Ɗana Baƙin Hannu,

Na yi dariya tun kafin in kai tsakiya, ka yafe mini. Maganar ɓoye jarida kuma ka bar ta, ƙarya ɗaya ta ishe ka ɗauka a gidan nan.

Takardar gwangwani kada ka taɓa ta. Shago ma kada ka kai shi, maras lafiya natsuwa yake so.

Kakarka ba taurin kai kawai take yi ba. Macen da ta karɓe allura daga hannunka ba tare da an roƙe ta ba tana son muzurun nan ya rayu. Abin da ba ta sani ba shi ne tuwon da take ba shi da ƙauna shi yake kwantar da shi, kuma kai ne ka hana ta sani. A idonta ga muzuru yana samun sauƙi ba tare da nama ba, to don me za ta yarda da likita? Ka yi don gudun ɓata mata rai, na gane, amma dabararka ce ta ƙarfafa mata gwiwa. Kai ma da gaskiyarka: jikin kyanwa na nama ne, kuma wannan ciwo bai san kalanda ba.

Ni ba fadan coci ba ce, ba zan yanke hukuncin azumi ba. Ka je wurin fadan cocinku kafin Lahadi, ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya yi mata magana ita kaɗai, ba a gaban mata ba. Ban taɓa jin an ɗora wa dabba azumi ba, kuma kakarka da kanta ta san ana ɗauke wa majinyaci. Daga bakinsa za ta fi karɓa. Ka kuma gaya masa zancen zoben nan, don mai shekara saba'in da takwas da take ramewa ita ma a duba nata azumin, likitanta kuma ya gan ta.

Kicin ɗinta ka bar mata shi da tsarkinsa, haƙƙinta ne. Gwangwanaye su zauna a rumfar itace, ka sayi ƙanana waɗanda yake cinyewa lokaci guda, don kada ragowa ta kwana a firij. Kwanonsa daban, cokalinsa daban, a wanke su a waje. Sanyi ya fara ja da baya, ka fitar da ɗan teburin nan da kujerun biyu baranda. Ita da wakenta, shi da namansa, a lokaci ɗaya. Abokin ci take nema, ba lallai abin da ke kwanonta ya shiga bakinsa ba. Ka tambayi likita ko za a rage masa kaɗan daga na safe a ajiye don rana, kakarka ta samu abin miƙa masa.

Ranar Asabar ka sa ta a mota ku je wurin Likita Otilia tare. Ka bar su su yi magana, mai allura da mai allura, kai ka tsaya riƙe kwando. Likita ta san cewa daga yau an daina burodi, don in abinci ya gyaru wani lokaci sai an rage allura, kuma ita kaɗai ce mai ragewa ko ƙarawa. Ku dawo da takarda mai manyan baƙaƙe a manna a jikin firij: in bai ci ba, ba allura sai an kira likita. In ya yi laushi, ko yana tangaɗi ko karkarwa, a shafa masa zuma a dasashi nan take, a kira ta, a kama hanya. Azumi bai hana zuma ba, kakarka ba za ta yi gardama da wannan ba. Ka samo maƙwabci mai mota da zai amsa in ta buga waya kana shago. Kada kuma ka karaya, da yawa suna shekaru da wannan ciwo cikin ƙoshin lafiya, wasu ma in an kama shi da wuri har a daina musu allura.

Saura matan coci. Nan ne zai fi yi mata zafi, fiye da naman. Kada ka gyara labarin a gaban kowa. Ka bar ta ta ba da shi yadda ta ga dama, tsohuwa irin kakarka ba ta rasa hanyar fita da kanta a sama.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai ka faɗa mata gaskiya, kuma yau, ba ranar Lahadi da yamma ba. Kada ka fara da abin da likita ta ce, ka fara da abin da kai ka yi. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yini ba ta kula ka ba. Ka tsaya ka shanye. In ta huce, ka ce mata sati uku ran muzurun nan yana hannunta, kuma ba ka da wanda za ka danƙa wa sai ita. Ban yi zaton za ta ce a'a ba.

Allah ya ba Primaru lafiya, ya ƙara wa kakarka ƙarfi, ya nuna muku Ista cikin farin ciki.

Tanti Aurica