Hannun Baba Ba Shuni Ba Ne

Birnin Zariya, Mayu 1976

Zuwa ga Yaya Jibril,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da su Nana, da aikin jirgin ƙasa a can Fatakwal. Allah ya tsare mana ku. Umma na nan ƙalau, ƙanenka Ƙasimu kuma shi ke riƙe da karofi yanzu.

Yaya, Baba ba shi da lafiya, kuma mun makara. Tun bara yake ramewa, jiri na ɗibarsa in ya miƙe, fatarsa na ƙara baƙi har cikin tafin hannu. To wa zai yi mamakin baƙin hannun marini? Muka ce shuni ne. Sai ya kama kwaɗayin gishiri, yana lasa kamar tunkiya ta sami kanwa, jikoki na yi masa tsiya. Umma ta ce gishirin ne ke sa masa jirin, muka ɓoye shi, muka rage masa a miya. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba.

A watan azumi Baba ya daina zuwa karofi, amma hannun ya ci gaba da yin baƙi, har dasashinsa. Nan hankalinmu ya tashi muka kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon daji ne irin na kaluluwa, ya cinye wasu 'yan abubuwa biyu da ke saman ƙoda, waɗanda ke riƙe wa jiki gishirinsa. Ashe abin da muke ɓoye masa shi jikinsa ke roƙo. Da Umma ta ji, kwana ta yi ba ta ci abinci ba. Da na sani ƙeya ce, Yaya, amma wallahi abin na cina.

Ana ba shi magani, yana ɗan zama a zaure. Sai dai likita bai yi mana alkawarin zai kai kaka ba. Babbar rigar da ya rina maka kafin ya kwanta tana nan, an buga ta. Na ce a ba direba ya kai maka, ya ƙi. Ya ce ba aika ta zai yi ba, a jikinka yake so ya gan ta.

Ka gaida Nana da yara. Umma da Ƙasimu na gaishe ka. Don Allah kada ka jira hutun Sallah.

Taka ƙanwa,
Batulu