Lallen Bakura da Wayata

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025
Fiddausi, ɗiyar Kawu da ke zaune gidanmu, ta ga lambar buɗe wayata ta bayan kafaɗata. Ta kunna wa 'yan gida muryata, wadda na ɗauka ina gwajin jawabin muhawarar da za mu yi a Maradun. Har in'inata take kwaikwayo. Na kasa cin tuwo.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na koma buɗewa da yatsa. Yaya Naziru ya ce ko barci nake ana iya dangwala shi. Ni dai yatsa ba a leƙensa. Lambar kuma na sa doguwa, wadda ba mai cankarta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Bikin Anti Baraka a Bakura. Na ce ba na son lalle, Inna ta ce, "Mi za a ce, ɗiyata da hannu fari kamar baƙuwa?" Aka dulmiya yatsuna duka.
Wayar ta ƙi gane ni. Na goge, na hura, na sake. Yanzu lamba take nema. Na manta ta.

Talata, 11 ga Fabrairu
Mai gyaran waya a kasuwar Mafara ya ce sai dai a wanke ta, komai ya tafi. Jawabina yana ciki, ban rubuta shi ko'ina ba. Asabar ce muhawarar. Malamarmu ta zaɓe ni duk da ba na iya ɗaga kai a aji, yaya zan gaya mata?

Laraba, 12 ga Fabrairu
Lemun tsami, toka, dutsen goge kaushi, duk don in cire lallen. Yatsan ya yi ja kawai.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Ina kuka a bayan rumbu Fiddausi ta zo ta tsaya, ta maƙe murya: "Ya ku al-al-alƙalai masu daraja..." Na kusa jifanta da takalmi. Sai ta ci gaba. Ashe duk ta haddace, tsabar tsokana. Ta ce, "Ɗauko biro, Malama Mai Sirri." Tana faɗa ina rubutawa. Wuri ɗaya ma ta gyara mini.

Asabar, 15 ga Fabrairu
Mun zo na biyu. Sau ɗaya na yi in'ina.
A mota lambar ta faɗo mini haka kawai. Ban yafe wa Fiddausi ba. Amma tana gefena na danna, kuma ban kare da hannu ba.