Da Sauƙi, In Ji Inna a Fim

Zuwa ga Inna,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ba zan tambaye ki ya jiki ba, don na san amsar. Ko a kabari ne za ki ce da sauƙi.

Inna, fim ɗinki ya fito. Wata bakwai ke nan da rasuwarki, sai jiya aka turo mini shi ta waya, na zauna gindin bishiyar bedi a lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, bayan 'yan aji sun tashi, na kalla.

Kin tuna yadda abin ya faro. Ciwo yana cin ki a ciki, muna ganin kina cizon bakin zane, amma duk ran da na kai ki gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya tambaye ki, sai ki gyara zama ki ce da sauƙi. Shi kuma ya rubuta ƙwayar ciwon kai ya sallame mu. Ya faɗa mini akwai magani mai ƙarfi a Maraɗi, amma ba ya rubuta shi sai marar lafiya ta faɗi da bakinta. Na roƙe ki, kika ce mai ƙarar ciwo Allah yake kai ƙara. Kuma ko kallona ba ki yi ba, don ni ɗan fari ne. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ne "wancan". Da na zama malamin lakwal na samu ƙarin girma, na koma "mushen nan", tunda mushe ake ce wa malamin boko a nan.

Shi ya sa da na ji wata Baturiya ta zo da tafinta daga Yamai tana neman masu jinya mai tsanani don ta yi fim a kan yadda mutane ke fuskantar mutuwa, ni na kai sunanki. Na yi tunanin abin da kika ɓoye wa majo za ki faɗa wa kamara, in ɗauka in kai masa shaida. Malamin lakwal guda, amma wayona bai wuce nan ba.

Ke baƙi kika ji za a yi. Kika sa aka shafe ɗaki, aka aro kwanonin Hajiya Tabawa maƙwabciya aka jera, kika sa lalle da kwalli, kika ɗaura zanen da ko ran sunan jikanki ba ki fito da shi ba. Baturiya ta shigo neman mai mutuwa, ta tarar da uwar biki. Ta nemi a mayar da tsohuwar tabarma, kika ce a gaya mata nan ba gidan matsiyata ba ne. Kika dubi wuyanta duk ƙashi, kika ce, "Wagga ita ta marar lahiya, ku dama mata hura."

Kwana uku suna tambaya kina da sauƙi. Sandar nan mai gashi da suke ɗaukar magana da ita kika ce a kawar miki da mushen kyanwa daga fuska. Matan unguwa kuwa kowace ta ci ado ta zo dubiya, har wadda rabonta da gidanmu tun rigimar akuya.

Rana ta uku Baturiya ta yi babbar tambayarta. A ƙasarsu, in ciwo ya gagara, mutum na iya roƙon likita ya yi masa allurar da zai tafi lahira. Tafinta ya yi gumi, ya yi istigfari sau biyu kafin ya fassara. Kika ce, "To shi Mala'ikan mutuwa na garinsu aiki ya aje?" Mai kamara ya yi dariya har hoto ya girgiza, kuma haka suka bar shi a fim.

Ranar nan na ji haushinki ƙwarai. Kika aike ni bakin tabki in sayo wa baƙi kifi, na tafi ina ƙunƙuni kamar yaro. Ban san kora ce ba sai jiya.

A fim ɗin, ina fita kika leƙa ƙofa, kika kira su da hannu. Kika ce ciwon kamar an zuba miki garwashi a ciki, dare da rana. Tafinta ya ce me ya hana ki faɗa wa likita. Kika ce in kika faɗa za a kwantar da ke Maraɗi, ke kuma a ɗakinki kike son ajali ya same ki. Sannan kika ce, "Kuma in Haruna ya sani, ba ya ƙara cin abinci. Tun yana ƙarami haka yake. Kada ku hwaɗa ma Haruna."

Sau biyu, Inna. Turawa masu kallon fim, da ba su san inda garinmu Madarumfa yake ba, sun ji sunana a bakinki kafin ni.

Na yi kuka har mai gadin lakwal ya zo yana tambayata wa ya rasu. Na ce masa tsohuwar rasuwa ce. Har yanzu ina ganin da kin faɗa, da kin huta da wannan wutar, kuma ban gama huce miki ba. Amma wurin nan na mayar da shi baya ya fi sau talatin, har waya ta mutu.

Allah ya sa ciwon ya zama kaffara, ya yalwata kabarinki, ya ba ki sauƙin da kika yi ta faɗa tun ba ki same shi ba. Amin. Kuma kada ki damu, na ci tuwo yau.

Naki, wancan.
Ko kuwa, tunda ke kika fara faɗa,
Haruna.