Hanjin da Na Jefa wa Farar Ƙafa

Malam, Baban Salisu, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana cikin haske da rahama a inda kake kwance. Mu nan unguwar Rusaifa a Makka lafiya lau muke, sai kewa. Na san ba a tura wa wanda ya rasu saƙo ta waya, hankalina ɗaya. Yau ne dai bakina ya cika da magana, kuma ba mai gane ta kamar kai. Masu karantawa su yi haƙuri da rubutuna, ni allo na yi sai ɗan yaƙi da jahilci, yadda nake magana haka nake dannawa.

Malam, ɗanka ya zama mai kare. Bari in faro maka daga tushe kafin ka ce na yi sakaci.

Ka fi shekara talatin a garin nan ba ka harbi ko ƙadangare ba, kai da a ƙauyenku can bayan Maraɗi karnuka bakwai ke bin ka daji. Nan Harami ne, ko tattabara ba a firgitawa. Ina tuna ka a bakin teburinka na asuwaki da carbi, tattabaru na sauka har kan tire, kana kallonsu kana haɗiyar yawu, sai ka ce, "Ku yi sha'aninku, albarkacin Ɗakin Allah kuke ci."

In ka dawo gida kuwa sai labarin Duna, baƙin karenka. Duna ya kama zomo, Duna ya tare gada, Duna kaza. Manyan yaran duk su sulale. Salisu kaɗai ke zama, baki buɗe.

Da ka rasu yaron nan ya rufe kamar shagon da aka sa wa kwaɗo. Lokacin Hajji ya fita Mina ya yi dako, yana dawowa ya shige ɗaki. Wata da watanni. In kai abinci, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Namiji mai shekara ashirin da bakwai yana kwance yana kallon silin. Ban gaya wa kowa ba, amma na fi jin tsoron wannan kwanciyar a kan duk wata cuta da na sani.

A Minan ne Allah Ya haɗa shi da wani Balarabe, Abu Fahad. Salisu ya tura mahaifiyar mutumin a keken guragu zuwa jifa, a hanya hira ta kai su ga karnuka, ɗanka ya kwashe labarin Duna kaf ya ba shi. Ashe mutumin yana da gona a wajen iyakar Harami, ta hanyar Ɗa'ifa, inda yake kiwon karnukan farauta. Bayan wata biyu ya kira shi ya ce ya zo ya gwada aiki.

Na ƙi fa. Na ce kare? A Makka? Hajiya Tabawa, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, ka san bakinta, tun ba a je ko'ina ba ta fara ce min Maman mai kare, wai in sayi tukwane bakwai saboda wanki bakwai. Sai da ɗalibin nan ɗan Kano da ke haya a samanmu ya zaunar da ni ya ce karen farauta daban ne, an halatta riƙe shi, a dai kiyaye tsarki. Na yarda amma da sharaɗi. Kare ba zai tako gidana ba, kayan aiki a leda a bakin ƙofa, wanka kafin ya taɓa min dadduma. Har yau bai saɓa ba.

Ba irin karnukanku ba ne, Malam, ba kuma salugi, karen Larabawan nan mai siririn ciki, ba. Waɗannan daga waje ake kawo su, masu faɗin kai da kunne a kwance. Wadda aka ba shi karya ce ruwan ƙasa, ƙafarta ɗaya ta gaba fara, ya sa mata Farar Ƙafa. Aikinta ba bi da gudu ba ne. Tana shiga ciyawa tana shinshina, in ta ji warin tsuntsu sai ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafa ɗaya, hanci na nuna inda yake, ko jela ba ta kaɗawa. Sai an tada tsuntsun an harbe shi, an ce mata ta je, sannan ta ɗauko shi a baki ta kawo hannun mai ita ba tare da ta huda shi ba. Ranar da na fara gani na ce wannan ai ta fi wasu 'ya'yan mutane tarbiyya.

Ka san Salisu, Larabci ya fi zama a bakinsa, in na yi masa Hausa ya mayar min da rabi da rabi. To da Hausa yake ba karyar nan umarni. Tsaya. Je ki. Kawo. Da irin muryarka kuma, har da ɗan karin harshen garinku. Na juya baya na yi kamar ƙura ce ta shiga idona.

Yanzu ga inda na yi ɓarna.

Ranar Juma'a yakan ɗauke ni mu je gonar in sha iska, in dafa musu salwar da suka harba a horo, ta kiwo ce suke saki a fili. Ina zaune ina fiɗa, karyar nan ta zo ta kwanta nesa kaɗan tana kallona, harshe a waje, ta gaji. Sai na tuna abin da ka sha faɗa, cewa a garinku maharbi ba ya sa nama a bakinsa sai ya fara jefa wa karensa kai da hanji, don shi ya yi wahalar, in an hana shi zuciyarsa mutuwa take. Na duba, Salisu yana can wajen wanke keji. Na jefa mata hanji. Na jefa mata kai da gashinsa. Juma'a ta biyu haka. Ta uku har guda na ba ta sukutum, wata 'yar ƙarama da harsashi ya ɓata. Wallahi ji nake ina cika maka al'ada, har ina jin daɗi a raina.

Ana nan sai Salisu ya fara dawowa fuska a murtuke. Ashe karyar ta fara tauna tsuntsu. Ta ɗauko, kafin ta iso ta murƙushe shi, wani lokacin ma ta kwanta da shi a gindin bishiya ta ƙi kawowa. Ga gwajin karnuka saura sati biyar, wanda masu irin wannan kiwon suke haɗuwa su yi da sanyi, alƙalai na bin kare a baya suna duba komai. In ta huda tsuntsu ta faɗi, ba roƙo. Abu Fahad kuma tun farko ya faɗa masa gaskiya, ba da mugunta ba. In Farar Ƙafa ta ci, zai damƙa masa horon karnukan gonar duka. In ba ta ci ba, zai kawo mai horo daga waje, Salisu ya nemi wani abin.

Na ga yaron nan ya fara komawa ɗakin nan. Abinci ya fara dawowa yadda na kai.

Wata rana da azahar na matsa masa ya ci ko loma biyu, sai yake cewa, kamar da kansa yake magana, shi bai gane ba, irin wannan karen ai ko sau ɗaya ba a bari ya ɗanɗana ɗanyen tsuntsu da gashi, shi kuma bai taɓa ba ta ba. Malam, na ajiye ludayin da ke hannuna. Na shige kicin na tsaya ina kallon bango.

Kwana biyu ina juya maganar. Shaiɗan yana ce min wa ya gan ki. Amma ina ganin ɗana yana cin kansa a kan laifina.

Juma'ar da ta zo, muna cikin mota, na faɗa masa duka. Ya tambaye ni sau nawa, na ce uku. Ya mai da ido kan titi. Muka fita Rusaifa, muka wuce allon iyakar Harami, ina ta jan carbi ban san me nake karantawa ba. Can sai ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi, ya Ummi. Na ɗauka ni ne ban iya komai ba."

Wannan maganar ta fi zagi yi min zafi, kuma ita ta fi komai sanyaya min rai. Har yau ban san yadda abu ɗaya zai yi duka biyun ba.

Da muka isa har da dariyarsa. Ya ce ni da kai mun haɗa baki mun lalata masa karya, tunda kai ba ka nan ni zan biya.

Na kuwa biya. Ya ce sai an koya mata cewa tsuntsu ba abin taunawa ba ne. Ya riƙa kawo min salwa yankakku da gashinsu ina daskarar da su a firiza, su yi tauri kamar dutse, ta ciza haƙori ya ƙi shiga. Firizar da nake ƙanƙarar zoɓon sayarwa fa. Na naɗe su a leda uku uku na ware musu gefe. Duk da haka ranar nan Tabawa ta zo ɗaukar zoɓo ta buɗe ledar da ba tata ba, ta yi ido biyu da tsuntsu. Ta yi salati ta ce yanzu kuma bokanci na koma. Sati guda ba ta sayi zoɓona ba, jikokinta ne suka dawo da ita.

Na kuma ɗauko tsohuwar safarka, ruwan tokar nan da kake sawa da sanyi. Na cusa mata guntayen tsintsiya masu tsini, na ɗinke fukafukai a jiki ta zama kamar tsuntsu. In ta riƙe a hankali lafiya, in ta matsa ta soke ta a baki. Ka yafe min safar. Na daɗe ina ajiyarta a ƙasan akwati, ban taɓa zaton a bakin kare za ta ƙare ba.

Kullum da sassafe yana can yana jefawa tana kawowa. Wata rana a ci gaba, wata rana a koma baya. Akwai ranar da ya dawo ya ce ta sake murƙushe guda, amma ya zauna ya cinye tuwonsa tas yana lissafin abin da zai canza gobe. A nan na gane ko ba ta ci ba, ɗana ba zai koma kwanciyar nan da sauƙi ba. Amma dai ina so ta ci, kada in yi maka ƙarya.

Juma'ar da ta wuce ya ajiye ɗanyen ƙwai a ƙasa ya ce mata ta kai wa Ummi. Ni ban miƙa hannu ba, kwano na miƙa. Ta zo a hankali kamar amarya ta sauke shi a ciki. Ko tsagewa bai yi ba.

Yau ne gwajin. Ya ce in zo, na ce ƙafata na ciwo. Ba ƙafa ba ce, tsoro ne. Na share gidan nan sau biyu, na wanke labulen da ba datti.

Wajen ƙarfe goma sai ga bidiyo, wani abokin aikinsa ya ɗauka. Fili ne mai duwatsu da busasshiyar ciyawa. Salisu a tsaye da hular rana, alƙalai biyu a bayansa da takardu. Ya sake ta. Ta yi dama, ta yi hagu, sai ta tsaya, farar ƙafar nan a sama. Ta daɗe a haka, har na ɗauka wayar ce ta maƙale na fara bubbuga ta. Aka tada tsuntsu, aka harba, ba ta motsa ba sai da na ji muryarsa ya ce je ki. Ta ɗauko. A hanya ta ɗan tsaya kusa da wata ƙaya, ni kuma na san abin da take tunawa, ni na koya mata shi. Ya ce kawo, sau ɗaya, bai ɗaga murya ba. Ta taho ta sa masa a hannu.

Alƙali ɗaya, wani dattijo, ya karɓi tsuntsun yana hura gashin ƙirjin yana latsawa da yatsa, ya juya shi ya sake hurawa. Sannan ya gyaɗa kai ya yi rubutu.

Na kalla ya fi sau goma. Na sauka na nuna wa Tabawa, ta ce ita ba ta kallon kare, ta karɓi wayar ta kalla sau uku.

Bayan azahar ya turo murya. Ya ce ta ci duka zagayen, Abu Fahad ya ba shi makullan kejin gaba ɗaya a gaban mutane, in ɗora ruwan zafi yana tafe da tsuntsaye.

To shi ne na ce kafin ruwan ya tafasa bari in gode. Na gode wa Allah da Ya tada min yaro daga kwance. Na gode wa bawan Allahn nan da ya saurari ɗan dako har ƙarshen labarinsa. Kai ma na gode maka, Malam. Sau nawa na ce maka ka ishe mu da zancen Duna, ka bar yaro ya yi karatu. Ban san gado kake ba shi ba. Ba ka bar mana gida ba, ba ka bar mana gona ba, kullum kana jin kunyar haka, na sani ko ba ka faɗa ba. Ka huta da wannan kunyar. Abin da ka bari ya ishe shi tsayawa da ƙafarsa.

Kewarka dai tana nan, ba ta ragu ba. Da kana nan da yau ba mai barin ka ka yi shiru, ni ma ba zan hana ka ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa ka sha daga tafkin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Allah Ya riƙa wa Salisu, Ya sa wa aikinsa albarka, Ya tsare shi daga bindiga da hanya, Ya haɗa mu da kai a

Ana buga ƙofa. Shi ne, da ƙafa yake bugawa, hannunsa a cike yake. Ruwan ma ya tafasa. Bari in je in